AYYUKAN GIDA DA SUKA DACE DA SHEKARUN YARA: BAYANI GA IYAYE DA SHUGABANNIN AL'UMMA

Gabatarwa

A mafi yawan gidajenmu na karkara, kafin rana ta ɗaga yara sun riga sun kama aiki. Wata ta ɗauki tsintsiya tana sharar tsakar gida, wani ya kwance awaki daga turke, wasu kuma sun kama hanyar rijiya da tuluna da jarkoki. Wannan al'ada ce da muka gada kaka da kakanni, kuma ta hanyarta ce yaro yake koyon ladabi, da riƙon amana, da sanin darajar abincin da yake ci. Babu wata doka da ta hana iyaye sa 'ya'yansu aikin gida.

Sai dai kuma aikin da yake gyara yaro yana iya cutar da shi idan ya fi ƙarfinsa. Yarinyar da take kai ƙarfe tara na safe a bakin rijiya ba za ta riski darasin farko a makaranta ba. Yaron da aka ɗora wa jarkar da ta kusa kai nauyinsa zai daure ya isa gida da ita saboda kunya da tsoro, amma wuyansa da bayansa ne za su ji a jika. Saboda haka abin da ya kamata a sani shi ne, wane aiki ya dace da ɗan shekara nawa, kuma na tsawon wane lokaci. An shirya wannan bayani ne domin iyaye, da masu unguwanni, da dagatai, da malaman makaranta, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, don a sami ma'auni ɗaya wanda kowa zai iya dubawa.

Abin da dokoki suka tanada

Yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan 'yancin yara da jin daɗinsu, wadda aka amince da ita a shekarar 1990, ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da manyansa da taimaka musu idan suna da buƙata, amma ta ɗaure wannan nauyi da sharaɗin shekarunsa da iyawarsa. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya.

A Nijeriya, Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 12 ba kowane irin aiki, in ban da aiki mara nauyi na gida ko na gona wanda danginsa suka sa shi. Haka kuma ta hana a sa shi ɗaga kaya ko ɗaukar kayan da nauyinsu zai iya cutar da girman jikinsa. Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta shekarar 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta sake jaddada wannan, ta kuma hana ɗaukar yaro aikatau a wajen gidansu ko wajen danginsa, da sa shi talla a manyan titunan birane da manyan hanyoyin mota. Jihohi sun bi baya da nasu dokokin, wasu da sunan Dokar Kare Yara, kuma ya kamata kowane jami'i ya nemi kwafin ta jiharsa ya karanta.

Bugu da ƙari, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya kammala shekara shida ta firamare da shekara uku ta ƙaramar sakandare. Ma'anar wannan ita ce, duk aikin da ya hana yaro zuwa aji ya saɓa wa doka, ko da kuwa aikin mai sauƙi ne. A shekarar 2002 kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 138 da mai lamba 182, waɗanda suka hana wanda bai kai shekara 18 ba yin aiki mai haɗari.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2022 ya nuna cewa yara sama da miliyan 24 'yan shekara 5 zuwa 17, wato kimanin kashi 39 cikin 100, suna yin aikin da bai dace da shekarunsu ba.

Ma'aunai huɗu kafin a sa yaro aiki

Na farko shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai cin lita 25 ke nan kilo 25 ce, ban da nauyin robar kanta, alhali ɗan shekara goma a galibi nauyinsa bai wuce kilo 30 da 'yan kai ba. Likitocin yara da dama suna ba da shawarar kada kayan da yaro yake ɗauka kullum, kamar jakar makaranta, su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa. Idan aka bi wannan lissafi, abin da ya dace da ɗan shekara goma shi ne galan mai cin lita huɗu ko ƙaramin bokiti. Wanda ba ya son lissafi yana da hanya mai sauƙi: duk kayan da yaro ba zai iya ɗauka ya aza a kansa ya kuma sauke da kansa ba, sai an ɗora masa, to sun fi ƙarfinsa. Gammo yana rage zafin kai, amma ba ya rage nauyin da ke sauka a wuya da ƙashin baya.

Na biyu shi ne lokaci. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, yana ɗaukar cewa ɗan shekara 5 zuwa 14 da yake yin aikin gida na awa 21 ko fiye a mako ya shiga sahun yaran da ake wahalarwa. Awa 21 a mako daidai take da awa uku a rana. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, kuma ƙananan yara ya kamata su yi ƙasa da haka sosai. Har ila yau yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a rana, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Aikin da zai sa a tashi yaro cikin duhun asuba ko a hana shi kwanciya har dare ya raba, ya ci masa haƙƙin barcinsa.

Na uku shi ne haɗari, wato wuta, da ruwa mai zurfi, da guba, da inji, da kaifi, da nisan daji. Na huɗu kuma shi ne makaranta: shin aikin ya bar masa lokacin zuwa boko da allo ko Islamiyya a kan kari, da lokacin bitar karatu, da ɗan lokacin wasa da tsaransa? Idan aiki ya faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan huɗun, to a rage shi, ko a canza shi, ko babba ya karɓa.

Daga shekara 3 zuwa 5

A wannan mataki kwaikwayo ne karatun yaro. Yarinyar da take tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani da yaron da yake tona ƙasa da guntun kara suna koyon aiki ne ta hanyar wasa. Abin da ya dace da su shi ne ɗauko takalmi ko buta, da mayar da kwanon da suka ci abinci wurin wanke-wanke, da tattara kayan wasansu, da watsa wa kaji tsaba, da taya uwa tsinkar ganyen zogale ko rama. Minti biyar zuwa goma ya isa, kuma a gaban babba. A nan ne ake koya musu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida.

Kada a aiki ɗan wannan shekaru wajen gida shi kaɗai, kada kuma a bar shi kusa da murhu, ko bakin rijiya, ko buɗaɗɗen baho mai ruwa. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin bokiti ba idan ya faɗa ciki da ka.

Daga shekara 6 zuwa 8

Lokacin famfara ke nan, kuma shi ne lokacin shiga firamare. Hannun yaro ya fara ƙwari, yana kuma iya riƙe umarni biyu ko uku a kansa. Zai iya sharar ɗaki da ƙofar gida, da naɗe tabarma, da wanke kofuna da ƙananan kwanoni, da tsince shinkafa ko wake, da ɓarar gyaɗa, da zuba wa awaki dusa da ruwa, da rufe akurkin kaji da magariba. Zai iya wanke safarsa da 'yan ƙananan tufafinsa. Ana iya aikensa maƙwabta ko shagon unguwa da rana, muddin ba zai tsallaka titin mota ba.

Rabin awa zuwa awa ɗaya a rana ya wadatar. Abin da ake nema a nan shi ne yaro ya saba da cewa akwai aikin da yake nasa ne, wanda idan bai yi ba babu mai yi. Yaron da aka damƙa wa kula da kaza ɗaya da 'yan tsakinta yana koyon amana fiye da wanda ake yi wa aike goma barkatai.

Daga shekara 9 zuwa 11

A nan ne iyaye suka fi yin kuskure, domin yaro ya yi wayo, yana jin magana, sai a ɗauka ya girma. Gaskiya ne zai iya sharar tsakar gida baki ɗaya, da wanke-wanke, da wankin kayan makarantarsa, da tankaɗe, da bakace, da yanka kuɓewa ko albasa da ƙaramar wuƙa a gaban babba, da ɗibar ruwa da ƙaramin mazubi daga famfo ko rijiyar burtsatse ta kusa. Zai iya kiwon awaki da tumaki a bayan gari tare da 'yan'uwansa bayan an tashi daga makaranta. A gona, idan manya suna sara da sungumi, zai iya bi yana zuba iri yana rufewa, sai dai idan an cuɗa irin da magani, to wannan ba na hannun yaro ba ne. Zai iya roron wake da kalar gyaɗa da sanyin safiya ko da la'asar a ranakun da babu makaranta.

Amma ƙasusuwansa suna kan girma. Surfen gero cikin babban turmi, da jan guga a rijiya mai zurfi wadda ba ta da katanga, da sauke tukunyar tuwo ko ta ruwan zafi daga murhu, da faskare da gatari, duk ba nasa ba ne tukuna. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ranar makaranta ya isa.

Daga shekara 12 zuwa 14

Yanzu ana iya koya wa yaro, mace ko namiji, girki daga hura wuta har kwashewa, tare da babba a kusa. Zai iya wankin iyali matsakaici, da daka daidai ƙarfinsa ana hutawa, da sayo cefane da kawo lissafin canji, da yanko ciyawa da lauje, da kai taki gona a kan jaki, da noma da ƙaramar fartanya na awa ɗaya ko biyu kafin rana ta yi zafi. Zai iya kula da ƙannensa na ɗan lokaci, da taya su karatu.

Abin lura shi ne, waɗannan shekaru su ne na ƙaramar sakandare, kuma a cikinsu ne yara da yawa, musamman 'yan mata, suke barin makaranta. Sau da yawa ba a rana ɗaya ake cire su ba. Yau an ce ta zauna saboda wanki, gobe saboda ranar kasuwa, jibi saboda uwa ta tafi suna, har karatu ya wuce ta, ta ji kunyar komawa. Iyakar awa uku a rana tana nan daram a wannan mataki.

Daga shekara 15 zuwa 17

Matashi yana iya yawancin ayyukan gida da na gona, kuma lokaci ya yi da za a ba shi abin da zai riƙe da kansa. A tsarin gandu na gargajiya, maigida yakan yanka wa ɗansa gayauna, ya noma ta a lokacin da ba na aikin gandu ba, amfanin kuma nasa ne. Haka uwa takan ba 'yarta tunkiya ko akuya ta kiwata. Wannan hikima ce da ya kamata a riƙe, domin tana koya wa matashi tsara lokaci, da tattali, da ɗaukar asara idan ya yi sakaci. Duk da haka, a idon doka shi yaro ne har ya cika shekara 18, kuma ayyuka masu haɗari ba su halatta gare shi ba.

Ayyukan da ba a ba yaro ko kaɗan

Feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, da haɗa shi, da wanke tankin feshi, da zuba maganin ajiya a buhun wake ko a rumbu. Gubar tana shiga ta fata da numfashi, kuma jikin yaro bai kai na babba juriya ba. Kada a zuba irin waɗannan magunguna, ko kananzir, ko fetur, a cikin kwalbar lemo ko robar ruwa, domin ƙananan yara suna ɗauka su sha.

Shiga rijiya don yasa ko ciro guga, da haƙar yashi ko ƙasar gini a rami mai zurfi wanda zai iya ruftawa.

Aiki da injin niƙa, ko injin casa, ko injin yankan ciyawa. Bel ɗin inji yana fizgar hannun riga ko gefen hijabi cikin ƙiftawar ido. Yaron da aka aika kai niƙa ya miƙa wa mai inji ya koma gefe ya jira.

Daka ko niƙa duwatsun ma'adinai. A shekarar 2010, a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Abin da ya jawo shi ne shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da yara suke wasa suke cin abinci. Wannan darasi ne ga kowa cewa shigo da aiki cikin gida ba ya mayar da shi aikin gida.

Zuwa itace ko kiwo a daji mai nisa shi kaɗai, musamman a yankunan da ke fama da matsalar tsaro. Haka kuma tura yaro cikin ciyawa ko tarin karan dawa ba takalmi ko da duhu, domin saran maciji, musamman kububuwa, ya fi yawa a lokacin shuka da lokacin girbi.

Wanki da wanka da ɗibar ruwa a cikin kududdufi ko tafkin da ruwansa ba ya gudu. A irin wannan ruwa ake kamuwa da tsargiya. Yaron da yake fitsari da jini ba alamar balaga ya nuna ba, cuta ce da take da magani, a kai shi asibiti.

Raino da rabon aiki tsakanin maza da mata

Raino yana daga cikin ayyukan da ba a cika ƙirgawa ba, alhali yana cikin mafi nauyi. Jaririn da ya shekara ɗaya yakan kai kilo tara zuwa goma, yarinya 'yar shekara bakwai kuwa ba ta wuce kilo ashirin da 'yan kai ba. Goya mata shi ta yini da shi daidai yake da ɗora mata kusan rabin nauyinta. Ban da haka, ba ta da wayon da za ta san abin yi idan ya shaƙe da abinci, ko ya rarrafa wajen wuta. Yarinya ƙasa da shekara 12 tana iya yi wa ƙaninta wasa a gaban uwa, amma kada a tafi gona ko kasuwa a bar mata shi.

Rahoton da UNICEF ta fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa a duniya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna ɓata lokacin da ya fi na maza tsaransu da kashi 40 cikin 100 a kan aikin gida. Kowa zai iya gwada wannan lissafi a gidansa. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 11: shara da wanke-wanken safe awa ɗaya, ɗibar ruwa awa ɗaya da rabi, raino awa biyu, taya girki da wanke-wanken dare awa ɗaya. Awa biyar da rabi ke nan a rana, wato sama da awa 38 a mako, kusan ninki biyu na iyakar da aka ambata. Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ya zama zalunci shi kaɗai. Taruwarsu a kan mutum ɗaya ita ce matsalar.

Maganin wannan yana cikin gida. Yaro namiji ya wanke kwanonsa da tufafinsa, ya yi shara, ya karɓi ɗibar ruwa, ya kuma koyi dafa abin da zai ci. Babu abin kunya a ciki, kuma duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ko ya tafi ci-rani ya san ranar wannan ilimi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wajibi ne kuma ma'aunin ya zama ɗaya ga dukan yaran gida. Maraya, da ɗan riƙo, da agola, da almajirin da yake taya aikin gida, ba su fi 'ya'yan masu gida ƙarfin ƙashi ba. Yaro mai ciwon sikila kada a sa shi aikin da zai gajiyar da shi ko ya daɗe cikin ruwan sanyi ko zafin rana. Mai farfaɗiya a nisanta shi da wuta, da rijiya, da hawa bishiya. Mai asma a raba shi da hayaƙin murhu da ƙurar shiƙa. Yaro mai naƙasa kuwa a ba shi aikin da zai iya, domin hana shi komai yana karya masa zuciya.

Talla da aikatau

Talla tsohuwar al'ada ce. Wata masaniyar al'adu 'yar ƙasar Amurka, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda matan aure da ke cikin kulle suke dogara da yara wajen sayo kaya da sayar da abin da suka sana'anta. Har yau a gidaje da yawa kuɗin talla ne ake tarawa a yi wa yarinya kayan ɗaki. Ba a musun wannan buƙata. Amma talla neman kuɗi ce, hukuncinta ya bambanta da na aikin gida, kuma tana kai yarinya tasha, da bakin titi, da zaurukan da babu mai sa mata ido. Inda ba yadda za a yi, to kada ta kasance a lokacin makaranta, ko bayan magariba, ko a tasha da hanyar mota, kuma kada a doki yarinya don ta dawo da kwantai. Hanya mafi aminci ita ce a kafa teburi a ƙofar gida, ko a sayar wa masu sari.

Game da tura yara aikatau birni kuwa, ya kamata iyaye su sani cewa dokar hana fataucin mutane ta shekarar 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiwatarwa, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai ga duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya yi dillancinsa, ko ya yi jigilarsa.

Yadda ake koya wa yaro aiki

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. A fara yin aikin yaro yana kallo, sannan a yi tare, sannan ya yi ana kallonsa, daga nan a bar masa. A ba shi kayan aiki daidai hannunsa: gajeriyar tsintsiya, da ƙaramar fartanya, da ƙaramin bokiti. A faɗa masa abin da ake so a fili. "Share daga bakin ɗaki zuwa gindin darbejiya" ya fi "gyara gidan nan" saurin shiga kan yaro.

Idan ya yi, a ce masa sannu da aiki, a sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa. Idan ya fasa tulu ko ya ƙona miya, a tuna cewa kowane gwani ya taɓa yin ɓarna. Kada a mayar da aiki abin horo, domin yaron da ake sa wa shara duk lokacin da ya yi laifi zai tashi yana ganin shara wulaƙanci ce. Kada kuma a hana yaro abinci don bai gama aiki ba.

Alamomin da ke nuna aiki ya yi wa yaro yawa su ne gyangyaɗi a aji, da yawan makara, da kukan ciwon wuya ko baya ko ƙirji, da rama, da yawan ƙuna ko yanka a hannu, da daina wasa da tsaransa.

Nauyin da ke kan shugabanni da jami'ai

Masu unguwanni da dagatai su ne suka san kowane gida. Ana buƙatar su riƙa yi wa magidanta nasiha cikin sirri da mutunci tun kafin abu ya yi nisa, su kuma sa ido a kan masu zuwa ɗibar yara da sunan samo musu aiki a birni. Inda nasiha ta gaza, ko aka ga rauni a jikin yaro, a sanar da hakimi da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Shugabannin makarantu da kwamitocin al'umma masu kula da makarantu su riƙa duba rajista, musamman a ranakun kasuwa, da farkon damina, da lokacin kaka. Yaron da ya yi fashi kwana uku a jere, a je gidansu a ji dalili.

Malaman gona su haɗa da gargaɗi kan yara a duk lokacin da suke bayanin magungunan feshi da na ajiya. Ma'aikatan lafiya kuma, idan aka kawo yaro da ƙuna, ko karaya, ko alamar shan guba, su tambayi yadda abin ya faru, su yi wa iyaye bayani.

Kansiloli da sashen ayyuka na ƙananan hukumomi su sani cewa rijiyar burtsatsen da ta lalace yara ne suke biyan kuɗinta da ƙafafunsu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke amfani da shi shi ne, zuwa ɗibar ruwa da dawowa, har da jiran layi, kada ya wuce minti 30. Duk ƙauyen da ya wuce haka ya cancanci a sa shi a sahun gaba wajen gyara da sabon haƙa. Gina wa rijiyoyi katanga da murfi aiki ne mai araha wanda al'umma za ta iya yi da gayya.

Daga ƙarshe, tun da dukan wannan bayani a kan shekaru ya dogara, a ƙarfafa wa iyaye gwiwa su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Girman jiki yana ruɗi, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Kammalawa

Ana kira ga kowane magidanci da uwargida su zauna su ƙirga ayyukan da kowane yaro yake yi daga wayewar gari zuwa kwanciya, su auna su da nauyi, da lokaci, da haɗari, da makaranta. Wanda aka tarar kayansa sun yi yawa a rage masa, wanda aka tarar ba ya taɓa komai a ba shi rabonsa. Haka kuma ana roƙon dagatai da masu unguwanni su karanta wa jama'arsu wannan bayani a wuraren taruwa, domin waɗanda ba su sami damar karantawa da kansu ba su ma su amfana.